Minjirya a Tafin Hannu

Shekara ashirin da bakwai ina gasa agashe
a bakin kasuwar Wad Madani, daura da tashar motar Sinnar.
Ban taɓa tambayar ido ko nama ya yi ba.
Yatsa nake ɗorawa, shi zai ce mini saura kaɗan,
ko ya ce, sauke, Barau, kada ya bushe.

Yanzu yatsan ya yi shiru.

Ran da aka ɗaura mini ruwa na shida a asibitin daji
Dakta Manahil ta ce in rufe ido.
Ta soka mini tsinke a babban yatsan ƙafa.
"Ka ji?"
Na ce, "Kin fara ne?"
Ta daɗe tana rubutu, sannan ta ce za a rage maganin.
Jijiyoyi ne, in ji ta, sukan farfaɗo,
amma ba sa son a tsaya musu a ka.

Tun muna yara a Mai Wurno mun san minjirya,
kifin da ke fizgar hannu in ka laluba koma da garaje.
Ban san yana barin kogi
ya tare a tafin hannun mutum ba.
In na kama moɗar randa da asuba
sai ya fizge ni har gwiwar hannu.
Ruwan sanyi ya koma fasasshiyar kwalba a maƙogwaro.
Ga zafin Jazira, ga ni da ruwan ɗumi kamar mai jego.

Tafiya kuwa, sai ka ce an tara audugar gonakin nan duka
an shimfiɗa mini ƙarƙashin ƙafa.
Wata Juma'a na baro masallaci da takalmi ɗaya.
Ban sani ba sai da wani yaro ya biyo ni a guje da ɗayan.
Na yi dariya, na sa masa albarka.
Da na shiga ɗaki, ban yi dariya ba.

Dare ne nasu, kiyashin da ba a gani.
Daga diddige suke tasowa, ba sauri, ba tsayawa.
Na kakkaɓe zane, na haska fitila: babu ko ɗaya.

Talatu ba ta ce komai ba.
Ta dai cire maɓallan jallabiyata kaf,
ta ce dama sun tsufa.
Ita ke taɓa ruwan alwalata kafin in taɓa,
ita ke duba tafin ƙafata bayan isha
ko ƙaya ta shiga ba sallama.
Ihsan ta kan murza mini man riɗi
tana ba ni labarin makaranta, rabinsa ƙarya.
Ta zuba dawa a ƙwarya, ta binne ƙwallon dabino uku,
ta ce, "Baba, nemo, ban da leƙe."
Ran farko ban sami ko ɗaya ba.
Jiya na sami biyu. Na ukun ina zargin ta ɓoye shi a aljihu.

Carbi ya daina gaya mini inda na kai,
sai in bar lissafin ga Mai shi.

Na koma bakin wuta, amma a kan kujera.
Ɗan'azumi ke soke tsinke, shi ke barbaɗa ƙuli.
Ni kunne nake kasawa.
Ashe kitse yana da murya biyu,
ɗaya in yana zuba, ɗaya in ya kusa ƙonewa.
Shekara ashirin da bakwai yana magana, ban saurara ba.
"Juya na gefen hagu," in ce.
Yaron ya dube ni, ya dubi naman, ya juya.

Ɗazu da la'asar tartsatsi ya tashi
ya sauka mini a kan ƙaramin yatsa.
Na ce wash!
Ɗan'azumi ya ruga neman ruwa.
Na ce tsaya, ɗana, kada ka zuba.
Bar shi ya ɗan yi zafi tukuna.