Yunwar Ƙasa

Gonar Baba a Dakace, kunya saba'in da ɗoriya,
ta faɗo hannuna shekarar da muka kai shi makwanci.
Ban san ta ba. Hanyarta kawai na sani,
da tsamiyar da ake rataye goran ruwa.

Na sayar da awaki biyu a Tudun Wada,
na cika da bashin Tanimu mai shayi,
na ɗauko buhun yuriya daga Sabon Gari
a kan babur, ina rungume da shi kamar jinjiri.
Fari tas, sai ka ce sukari.
Na zuba wa masara a gindi, hannu sake,
kada ta ce magajin gona marowaci ne.
Kwana huɗu sama ba ta ce uffan ba.
A na biyar ta ƙone kamar an bi ta da bakin wuta.

Malam Barau na gonar gabas bai yi dariya ba.
Ya kewaya inda hannuna bai kai ba,
ya tsinko ganye uku, ya shimfiɗa a gwiwarsa.
"Wannan da ya yi ɗorawa tun daga tsini,
shi ne mai neman abin da ke buhunka.
Wannan mai jan baki kamar ya ci goro,
saiwa ce ke kuka, sufa take so.
Wannan da gefensa ya bushe, toka ya rasa.
Tsiro ba shi da baki, amma ba ya ƙarya.
Kai ka ba shi gishiri zalla, ka ce ka yi miya."

Na kai ƙasar Samaru a gwangwanin madara.
Wata mai farar riga, Ladi Bawa, ta jiƙa ta, ta auna,
ta ce ta yi tsami, ta gaji,
ko me ka ba ta zai wuce
kamar ka ɗebi Galma da kwando.
Sai ta ce, "Tsohon me yake zuba mata?"

Nan na tuna jakin nan mai tsagaggen kunne,
da mangala shaƙe da juji tun tsakar rani,
kashin awaki, tokar murhun Inna, ɓawon gyaɗa,
da ni a baya, hannu a hanci,
ina roƙon Allah kada 'yan ajinmu
su gan ni a Ƙofar Doka.

Bana rabin buhun kamfa na iya.
Murfin kwalba ɗaya, taƙi ɗaya daga gindi,
in tona, in rufe, bayan ruwa ya sauka.
Na ratsa wake tsakanin kunyoyi,
Ladi ta ce ƙulle-ƙullen saiwarsa
suna biyan ƙasa bashin da masara ta ci.

Jaki kam babu. Baro na aro.
Sawu na tara ke nan tun asuba,
Sagiru yana biye da ni da shebur,
ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci,
yana waiwayen titi.
Ban ce masa komai ba.