Dala Ɗaya a Bakin Gadar Ngeli

Wani direban tirela ya bar mini ita,
bashin shayi ne, ya ce in riƙe.
Dala ɗaya ta Amurka,
ba dalarmu ta sefa biyar ba
wadda ko ƙosai ba ta saye yanzu a Kusiri.
Babu mai karɓa, canjin ƙarama wahala ne.
Na cusa ta ƙarƙashin gilashin tebur
tsakanin lambar Jidda da rasit ɗin haraji.

Shekara uku tsohon nan yana kallona,
baki a dantse kamar mai ɓoyon goro,
kai fari fat, audugar da ba a kai ma'auni ba.
Ban taɓa tambayar sunansa ba.
Ɗan canji lamba yake karantawa.

Zanuba ce, autata, da ta zo hutu daga Marwa,
ta ajiye kwanon abinci, ta duƙa:
"Baba, mai awon filaye ne yana saurayi,
ya ja sarƙar awo a daji kafin ya ja runduna.
Ya sha kaye ba sau ɗaya ba,
amma shi ne a tsaye ranar da Ingilishi suka naɗe tuta.
Aka ba shi kujerar da babu wanda ya taɓa ɗumama ta.
Shekara huɗu, aka ƙara huɗu,
sannan ya ce gonarsa tana kira."

Na ce, cire shi aka yi.
Ta ce a'a.
Na ce, to ciwo.
Ta ce haƙora dai sun ƙare masa,
amma da ƙafarsa ya fita.

Na yi shiru. Motocin siminti na bin layi zuwa Injamena,
Logon na tafiya ƙasa da su, ja kamar shayin Shuwa.

"Kada ka cika yabo," in ji ta, tana ɗaure kwano.
"Gonar nan ba hannunsa ke nome ta ba.
Bayi ne, ɗaruruwa, masu kalar fatarka.
Sai a wasiyya ya kwance nasa,
lokacin da ba ya bukatar a kawo masa ruwa."

Ashe takardar fuska biyu gare ta, kamar kowane kuɗi.

Abin da ban gaya mata ba:
shekarata goma sha tara ina shugaban 'yan canjin gada.
Ni na roƙa mana rumfar kwano,
ni na fito da Abakaka daga hannun jandarma,
ni ke riƙe da littafin adashi da hatimi da makulli.
Sau huɗu ana cewa za a yi zaɓe,
sau huɗu ina cewa a bari kasuwa ta lafa.
Yaran da na koya wa ƙirgen naira da yawu a yatsa
yau sun yi furfura a gemu,
suna gaishe ni, idonsu a kan aljihun da makullin yake.

Ni ba ni da gona a bakin kogi.
Akwai dai fegi a hanyar Maltam,
ƙaya ta cinye shi, da kuka ɗaya.
Idan na sauka wa zai miƙe in na shigo?
Wannan ita ce tambayar, sauran duk ado ne.

Da la'asar na ɗaga gilashin,
na zaro tsohon, ya yi laushi kamar ganyen yakuwa.
Na juya shi, na sake juyawa.
Ba waliyyi ba ne, na ji wannan.
Mutum ne da ya san ƙofar fita,
ya bar wasu a ɗaure a bayanta.

Taro ranar Asabar ne.
Na kira Abakaka na ce ya zo da biro,
akwai lissafin da zan nuna masa.
Ya ce, "Lafiya, Alhaji Garga?"
Na ce, zo dai,
kafin in canja ra'ayi, ka san sana'armu.