Ganyen Ayaba a Brickfields

Ringit goma sha ɗaya da 'yan sulalla.
Sau uku na ƙirga su a cikin jirgin ƙasa,
kamar ƙirgawa za ta sa su haihu.
Kuɗin tallafi sai ashirin da takwas ga wata,
yau kuwa sha tara,
kwanana shida ina cin taliyar leda
har cikina ya daina yi mini magana.

Na sauka a Brickfields ana yayyafi.
Ƙamshi ne ya ja ni ta hanci,
ya wuce da ni gaban mai saƙa furanni,
ya dire ni a ƙofar wani shago
mai fanka uku, ɗaya ta mutu.
An rubuta ba a dafa nama a nan,
sai na huta da tambayar wa ya yanka.

Ba wanda ya ce mu nawa ne.
Na raɓa a ƙarshen teburi, kusa da famfo,
tsakanin wani direban tasi
da ma'aikaciyar jinya mai barci a ido.

Wani dattijo, Murugesu aka ɗinka a aljihunsa,
ya shimfiɗa mini ganyen ayaba, kore shar.
Ba kwano, ba cokali.
Ya tula shinkafa,
ya zagaye ta da kabeji mai kurkum,
soyayyen garahuni, da wata miyar wake rawaya
da ya kwararo daga bokitin ƙarfe.
Na ce, "Nawa ne?"
Ya ce, "Ci tukuna."
Amsar nan ta fi barkono tayar mini da hankali.

Loma ta farko ta yi sallama da ladabi.
Ta biyu ce ta cire hula.
Ni da nake cika baki a kan yaji,
ga ni hanci na zuba, kunne na hayaƙi,
ina leƙen hannun direba
in ga yadda yake tura shinkafa da babban yatsa.

Sai aka ajiye ɗan kofi, romo ne tsararo.
Rasam, in ji dattijo.
Na kurɓa, na tsaya cak.
Tsamiya ce!
Ashe ta riga ni zuwa ƙasar nan,
ta zauna, ta koyi wani yare,
ta yi ƙawance da masoro,
amma da ta taɓa harshena ta gane ni.
Na sunkuyar da kai. Barkono ya rufa mini asiri,
kowa a teburin nan idonsa da ruwa.

Da ya dawo da tukunyar shinkafa
na kife tafina a kan ganye, ina lissafi a zuci.
Ma'aikaciyar jinya ta ce, ba ta ko ɗago ba,
"Ƙari kyauta ne."
Saurin da na janye hannu
shi ya kore mata barci.

Na ci, na ƙara, na suɗe yatsu.
Na ninke ganyen, na tura shi gaba.
Murugesu ya girgiza kai, ya buɗe shi,
ya ce, "Wannan ninkin na gidan makoki ne.
Jawo shi wajen ƙirjinka,
haka ake cewa an gode."
Na jawo.

Ringit tara.
Abin da ya rage ba zai kai ni gida a jirgi ba,
sai na taka, tashoshi huɗu, takalmi na shan ruwa,
ina tafe ina gyatsa kamar mai gadon gona.

Kwana uku kurkum bai bar farcena ba.
A ɗakin karatu, idan lissafi ya ƙi fita,
nakan kai yatsu kusa da hanci
kamar mai tunani.