Muryar Nomau

Shekara talatin ina rumfa a Mokoyo,
ina fiɗe cikin rediyo, ina lalubo tasha
kamar mai neman allura a rairayin Gulbi.
Wata sai an ɗaga eriya bisa gora,
wata ba ta zuwa sai dare ya tsala.

Jiya Tsahara, ɗiyar ƙanena, ta miƙo mini salula:
"Baffa, tashoshin gwamnati sun yi gayya,
sun zuba hatsinsu a rumbu guda.
Taɓa nan."

Na ce, hannu da yawa maganin ƙazamar miya,
amma wa ke riƙe da ludayin?
Ta yi dariya, ba ta amsa ba.

Na taɓa. Ga labarai, ga kokowa,
ga Zabarmanci kusa da Hausa, kowa da tabarmarsa.
Can ƙasa, inda suka jibge tsofaffin faifai,
an rubuta: Manoman gujiya, Maradi.

Shuuu, sai tari.
Na san tarin nan.
Nomau ne, ubana, shekara ashirin da kwanciyarsa,
yana faɗa wa mai makirfo
cewa sikeli na cin talaka,
cewa bana in damina ta yi kyau
zai saya wa yaronsa

nan mega ta ƙare.

Zobe na ta juyawa a fuskar wayar.
Tsahara ta ruga wajen mai kredi da dala ɗari.
Ni kuwa ina zaune, ƙarfen dalma na hucewa a hannuna,
ina jiran in ji
abin da aka yi niyyar saya mini.