Yatsun Mai Tsintar Gujiya

Shekara talatin ina tsintar gujiya a Mokoyo.
Mai hunhuna, ko a duhu yatsuna sun san ta;
ba ni sa ta a ƙuli, an ce hanta take ci sannu.

Jiya a makewayi, sabulu a hannu,
yatsun nan suka tsinci ƙwaya guda
ƙarƙashin maman hagu.
Ba zafi. Rashin zafin ya hana ni barci.

Haka ta soma wa yayata Cima.
Ta ce maruru ne, bari sai kaka.
Gero ya shiga rumbu, ita ta shiga ƙasa.

Da asuba na kife kasko,
na tsai da ɗan kabu-kabu:
"Yaro, kai ni likita,
su duba tun tana ƙwaya."