Ɗigo Uku

Ni mai gyaran agogo ne a Ƙofar Guga,
shekara ashirin gilashi na manne a ido guda.
Na san halin ɗigon mai:
in ya yi kaɗan, haƙoran agogo su cije,
in ya yi yawa, ƙura ta taru ta kwana a kai.
Ban zaci sana'ar za ta biyo ni gida ba
sai daren da Sada ya tashe mu, hannu dafe da kunne.

Damina ce. Kududdufin bayan makaranta ya cika,
shi da yaran layi sun maishe shi kogi.
Kwana biyu, matashinsa ya yi tabo rawaya.
Uwarsa ta shinshina, ta dube ni, ba ta ce komi ba.
Iya Hajo ta leƙo ta katanga:
"A narka man shanu a zuba,
a sa gashin kaza a tone."

Na ce a'a, Iya. Bara ma haka ne.

A asibiti Malama Turai ta haska 'yar fitila,
ta daɗe tana leƙe, kamar ni a cikin agogo.
"Dodon kunnen bai huje ba, mun gode Allah.
Da ya huje, ba kowane magani ake ɗigawa ba."
Ta rubuta a jikin kwalin da jan biro:
ɗigo uku, sau uku a yini, kwana bakwai.
"Kuma na Sada ne shi kaɗai, ba na gida ba ne."

Bayan asuba na wanke hannu da sabulu,
na dunƙule kwalbar a tafi har sanyinta ya fita,
don ruwan sanyi a kunne jiri yake kawowa.
Ya ɗora kai a cinyata, ciwon yana kallon rufi.
Na ja kunnen sama, na ɗan yi baya da shi,
bakin kwalbar a iska, bai taɓa fata ba.
Ɗaya. Ya runtse ido.
Biyu.
Uku.
Na danna 'yar tsokar ƙofar kunnen a hankali.
"Kada ka motsa sai doguwar allurar nan ta ci minti biyar."
Yaron da bai san zama ba, ga shi kwance, ni zaune.

Ran Laraba wani alhaji ya tsare ni da ciniki,
na azahar ya wuce, ban tuna ba sai isha.
Hannuna ya so ya yi shida, a biya bashi.
Na tuna ta ce bashin ɗigo ba a biyansa da ninki.
Uku na ɗiga. Laifin nawa ne.

Kwana na huɗu zafi ya tafi, ruwa ya tsaya.
"Baba, na warke." Ya sa silifas, ido na ƙofa.
Bara a daidai nan na rufe kwalba na ajiye,
wata bai cika ba ciwon ya dawo da ƙarfinsa,
kamar gobarar da aka bar garwashinta binne.

Don haka na ce kwanta.
Kududdufi ba ya gudu, ruwa kuma ban da kunne.

Daren bakwai na jefar da ragowar kwalbar.
Na ɗauko wani tsohon agogo mai wani,
wanda mai shi bai dawo karɓa ba tun azumi,
na toshe masa lafiyayyen, na kanga a ɗayan.
Muka yi shiru. Uwarsa ta tsaya da ludayi a hannu.
Ya lumshe ido, leɓensa yana ƙirga.
"Cak, cak, cak. Baba, ina ji.
Amma agogon nan yana latti."

Na duba. Gaskiyarsa ce, latti ne.