Duwatsun Ƙofar Gidan Gaptiya

Ba sababbi ba ne.
Daga tsohon siton gyaɗa aka kwaso su,
wanda aka rushe bara, can bayan tasha.
Amalanke bakwai, jakin Kiyari na huci,
aka zube su a Garin Malam, ƙofar gidan Hajiya Gaptiya,
kamar burodin da ya kwana shekara ɗari.

Ta ce mini, Barma, ni ba ado nake nema ba.
Daminar bara, ƙarfe uku na dare,
aka kira ni, mace na kan gwiwa a Kara-Kara,
mota ta nutse nan cikin taɓo har ciki.
Da ƙafa na tafi. Ko da na isa an yanke cibi
da wata reza da ban yarda da ita ba.
Ba ta ƙara ko kalma ba. Ni ma ban tambaya ba.

Na ja igiya. Na haƙa taƙi ɗaya da yatsu huɗu,
tsakuwa a ƙasa, rairayin ƙorama a bisa.
Ɗanta ya ce a sa siminti, a gama kafin Juma'a.
Na ce dutsen da ya saba shaƙar iska
ba a toshe masa hanci.
Ruwa baƙo ne, ka bar masa hanya ya wuce,
in ka tare shi ya kwana gidanka.

Kowane dutse sai na juya shi a tafin hannu.
Jikinsa ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa,
irin na manyan nan da ke zaune bisa Birni
tun kafin a sa wa garin suna.
Fuska ɗaya ta yi sulɓi, buhuna sun goge ta,
da duga-dugan ƴan dako
waɗanda ko jikokinsu sun manta muryarsu.
Ɗayar tana nan da kaushinta,
yadda guduma ta bar ta ranar farko.
Ba biyu da suka zo ɗaya.
Wani ƙato, wani mai ƙusumbi,
wani sai ka yi masa gado mai zurfi kafin ya yarda ya kwanta.

Ƙwal, ƙwal. Gwiwata ta hagu tana ƙirga su,
ta fi ni iya lissafi.
Kiyari na miƙo mini, yana dafa shayi, yana surutun ƙwallo.

Ran kwana na biyar, wajen la'asar,
na ɗago wani, na ga tsaga uku a gefensa,
da ta huɗu da aka fara ba a ƙarasa ba.
Wa ya yi? Kwanaki yake ƙirgawa, ko bashi?
Kakana ya fasa dutse zamanin aikin tilas,
ya dawo da yatsu tara, bai taɓa ba da labari ba.
Ban ce nasa ba ne.
Na dai zauna, shayina ya huce.
Sannan na sa shi daidai bakin ƙofa, tsagar na kallon sama,
inda tayar dama za ta fara taɓawa.

Muka share rairayi cikin haƙoransu,
muka yayyafa ruwa, muka sake sharewa.
Ta biya ni, ta ƙara jika biyu, ta ce na gwiwa ne.

An yi ruwa daren Talata, mai yawa.
Da asuba na biyo ta wajen, wai zan sayi goro.
Ƙofa a buɗe, mota ba ta nan.
Sawun taya biyu a bisa duwatsu, sun fara bushewa,
ba wanda ya motsa.

Biyu suka rage, na ɗaure su bayan keke.
Tsahara ta dube su, ta dube ni,
ta ce, to ai murhu uku yake so.